Tabon da Ya Ƙi Rufuwa

Akwai wani mai rubutun allunan shaguna, gwani ne, sai dai kansa ya fi gwanintar girma. Wata rana ya je wajen wani tsohon mai zane, wai a koya masa zana mutum da fentin mai.

Tsohon ya jingina masa hoton wani zane na mutanen da: tsohuwa zaune a bakin taga, hannuwanta a kan cinya.

"Kwaikwayi wannan. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Fuska ta fito, mayafi ya fito. Da ya gama hannuwan ya ja da baya ya duba. A bayan hannun dama ga jan tabon ƙuna, alhali babu shi a hoton, bai ma san lokacin da ya zana shi ba.

Tabon mahaifiyarsa ne. Ta samu tabon ne ranar da ta tare tukunyar ruwan zafi da ya jawo yana rarrafe. Shekara shida rabonsa da ita, don ya rantse ba zai koma gida ba sai ya zama wani abu.

Ya yi maza ya lafta fenti a kai. Bayan kwana uku jan ya sake ɓullowa. Ya rufe, ya dawo. Tsoro ya kama shi sosai.

"Baba, anya zanen nan babu aljanu?"

Tsohon ya ce, "Aljanun me? Ka rufe ja bai bushe ba, dole ya fito. Hannun wa ne?"

"Na Innata."

"Tana raye?"

"Tana nan."

"To ajiye buroshin nan ka je ka duba da idonka."

"Sai na gama, Baba. In kai mata ta ga abin da na zama."

Fentin mai kuwa ba ya son gaggawa. Wata biyu yana shafawa yana jira. Ƙanwarsa ta yi ta kira a waya, gogan naka yana cewa anjima.

Ranar da ya isa gida rungume da zanen, an kwana biyu da binne Inna.

Ƙanwar ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta share hawaye.

"Yaya, ai a hagu tabon yake."

Har yau zanen yana shagonsa, an juya shi yana kallon bango. Ya kasa gyarawa, ya kasa yarwa.

Darasi: Iyaye ba abin da ka zama suke jira ba, kai suke jira. Je ka gan su tun suna nan. Ku tura wa duk wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.