Kunyar Al-Amin da Gwajin Suga a Darmanawa

Al-Amin matashi ne mai himma, ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, sai dai kunya ta yi masa yawa. Ba ya iya kallon babba ya hana shi wani abu.

Shi ne sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ɗalibai, masu fita duba marasa lafiya kyauta a unguwannin Tarauni. Shi ya kawo mana manhajar bin diddigin aiki, kowane aiki da katinsa da sunan wanda ya ɗauka. A manhajar akwai mai kallo kawai, akwai mai gyara katinsa, akwai kuma mai cikakken iko wanda zai iya goge komai.

Da aka zo kan Hajiya Ladi, tsohuwar ungozoma kuma uwar ƙungiya, sai Basira, wata ɗalibar jinya, ta ce, "Hajiya kallo kawai take buƙata."

"Haba Basira! Matar da ta karɓi haihuwata? In zauna sama da ita? Da wane ido zan kalle ta?" Al-Amin ya ba Hajiya cikakken iko, bai ko yi mata bayani ba.

Muna shirin fita Darmanawa wayar Hajiya ta cika. Tana share tsofaffin hotunan biki ta haɗa da katunanmu, a zatonta daga wayarta kaɗai za su fita. Suka ɓace wa kowa.

Muka bi mutane a waya muna tambayar abin da kowa ya ɗauka. Aka tuno rumfa, kujeru, magunguna, har da takardar mai unguwa. Sayo tsinken gwajin suga ne babu wanda ya tuna, domin ba a riga an ba kowa aikin ba. Katin ne kaɗai yake riƙe da shi.

Ranar Asabar komai ya tafi daidai, sai dattawan da aka ce kada su karya kumallo saboda gwajin. Suka zauna a layi har hantsi da yunwa, suka koma gida ba a gwada su ba.

Da Hajiya ta ji yadda aka yi, ta kira Al-Amin. "Kai Aminu, wa ya ce ka ba ni wannan iko? A asibiti don furfura ake ba mutum makullin kabad ɗin magani? Maza rage min, kafin in goge ku ma!"

Kowa ya yi dariya, har shi. Nan take ya mayar da ita mai kallo. Asabar ta gaba dattawan suka dawo aka gwada su, Hajiya kuma ta aiko musu da koko da ƙosai.

Darasin shi ne, iko a manhaja ba girmamawa ba ne, nauyi ne. A ba kowa gwargwadon aikinsa, a kuma gaya masa abin da hannunsa zai iya taɓawa. Girman babba yana gaisuwa da ladabi, ba a maɓallin gogewa ba.