Askin Rabin Kai

Akwai wani mai aski da shagonsa ke bakin kasuwa. Mutum ne mai baki. Yana aski yana yanke wa duniya hukunci, kuma hukuncinsa ɗaya ne: ɓarawo ba shi da uzuri.

Wata rana da hantsi ihu ya tashi. Sai ga mutane sun jawo wani ɗan dako, riga a yage, baki na jini. Wani mai kanti na biye da su, yana ɗaga gwangwanin madarar jarirai da aka ciro daga rigarsa.

Jama'a suka ce, "Mai aski, yi masa alama! Kowa ya gan shi ya san ɓarawo ne!"

Mai aski ya ji kansa ya kumbura. Aka danne ɗan dako a kujera. Ya kunna injin aski, ya kwashe rabin kan tas, ya haɗa da gira ɗaya. Bakin mutumin na motsi, amma ga ƙarar inji, ga shewar jama'a. Aka yi dariya, aka ɗauki hotuna, aka sake shi.

Daga ranar babu wanda ya ƙara ba shi kaya ya ɗauka. In ya sa hula, girar ta tona shi. Da ya doso, mata su rungume jakunkunansu. Daga baya aka daina ganinsa.

Ana nan sai wata maƙwabciyarsa ta zo kasuwa tana kuka. A bakinta aka ji cewa matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa jaririya. Ita ya ɗaukar wa madarar. Da aiki ya yanke, ruwan sukari ya koma ba ta. Da safen nan jaririyar ta bi uwarta.

Kafin azahar kasuwa ta juya. Waɗanda suka fi kowa ihu a ranar, su ne yanzu ke girgiza kai a ƙofar shagon mai aski.

"Wallahi an zalunci bawan Allahn nan."

"Ni dama ban so askin nan ba."

Mai kanti ma ya ce, "Da ya roƙe ni, ai da na ba shi kyauta."

Kowa ya wanke kansa, aka bar mai aski da inji a hannu. Ya rufe shago, ya bi maƙwabciyar.

Ɗaki ɗaya ne, tabarma da katifa. Ga kwalbar shayar da jariri a gefe, an wanke ta an kife. Ɗan dako na zaune, gashi ya fara tsirowa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Mai aski ya durƙusa. "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Bari in daidaita maka kan, masu gaisuwa za su shigo."

Ɗan dako ya sunkuyar da kai ya ba shi. Mai aski ya fara, hawayensa na ɗiga a kan zanen aski. Da ya gama, mutumin ya ɗago ya dube shi, babu ko fushi a idonsa.

"Na yi sata, ban musa ba. Amma ranar nan kai ka fi kowa kusa da bakina, maigida. Ina ta faɗa maka sunan 'yata."

Mai aski ya naɗe zanen askinsa, ya miƙe. Har ya fito daga gidan bai iya tambayar sunan ba.

Darasi: Sata laifi ce, amma hukunci ba na taron kasuwa ba ne. Kafin ka ɗaga hannu a kan mai laifi, tsaya ka ji abin da ya kai shi, domin tausayin da ya zo bayan an binne ba ya amfanin kowa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ya tsayar da hannun wani.