Idanun Tasalla da Hula Guda

Ku gyara zama, yau sai kun yi musu, don ni kaina na kasa raba wannan gardama.

A Gumel akwai wata gwanar ɗinkin hula, Tasalla. Ana zaune ƙalau sai idanunta suka fara firfitowa, jajur, kamar mai jin haushin kowa. Allura ɗaya ta koma biyu a gabanta. Ga rama, ga zufa, ga hannu na rawa. Mata har janye 'ya'yansu suke in ta wuce, amma ita ba wannan ne ya dame ta ba. Makanta take tsoro, tsoro kuwa ba ɗan kaɗan ba.

Tana da ƙanne uku: Sallau da Ɗanlami da Bawa. Sallau mai ɗaukar hoto, sarkin sa ido, ya jera hotonta na sallar bara da na bana. Kowa idon yake kallo, shi kuwa wuya ya ƙura wa ido. Ya ce, "Yaya, wuyanki ya kumbura. Ciwon nan ba a ido ya tsaya ba, a tafi asibiti."

Ina! Gwaggonninta sun riga sun yanke cewa mugun jini ne, har sun kira wanzami don ya tsaga gefen idon ya kafa ƙaho. Tasalla na durƙushe, aska a zare, sai ga Ɗanlami direba, mai zuciya a kusa, ya faɗo gidan ko sallama babu. Ya ɗauke ta cak, ana zaginsa, ya sa ta a mota, sai Kano.

A can Bawa, mai aikin gwajin jini, ya bi maganar Sallau, ya nace a auna jininta. Ashe sojojin jikinta ne, masu kare ta daga cuta, suka juya suna yaƙar maƙogwaronta da naman bayan idanunta, naman na kumbura yana turo idon waje. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da jijiyar gani ta mutu. Aka ɗora ta a kan magani.

Ranar da ta zura zare a allura tashi ɗaya, guɗarta har maƙwabta suka ji. Ta ɗinka hula guda, ta ajiye a tabarma, ta ce, "Ta wanda ya ceci idona ce." Hannu uku suka miƙo tare.

To, jama'a, kan wa za a ɗora hular nan: wanda ya ga kumburin wuya, wanda ya ƙwace ta daga bakin aska, ko wanda ya gano ciwon?