Gizo Shugaban Gandu da Damin Zakka

Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna haka nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari, Iya.

Wata shekara dabbobi suka haɗa kai suka share gandu guda, suka ce su noma tare su raba tare. Aka ce ana bukatar shugaba. Kafin kowa ya buɗe baki, Gizo ya naɗa rawani ya haye kututture.

Jaki ya yi jigilar taki, Sa ya yi huɗa, Zabuwa ta yi shuka. Gizo yana gindin tsamiya da mafici yana cewa, "A ƙara himma."

Da aka yi girbi, Gizo ya ja rabin dawar zuwa rumbunsa. Jaki ya ce, "Wannan fa?"

Gizo ya ce, "Ladan shugabanci. Ku da jiki kuka yi aiki, ni da kai na yi."

Jaki ya ce, "Ni dai bayana ya saɓule, ban ga inda kanka ya saɓule ba." Amma su suka yarda da shi tun farko, sai suka haɗiye.

To, Malam Balbela mai farar riga shi ke tara zakka ya raba wa marasa ƙarfi. Dami goma, a fitar da ɗaya. Jaki ya fitar, Sa ya fitar, har Zabuwa da ɗan abin da ta samu. Cikin masu jira akwai Bushiya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ganyen tafasa take dafa musu ba ko gari.

Malam ya yi sallama gidan Gizo. Gizo ya ce, "Malam, zakka kan abin da mutum ya noma take. Ka taɓa ganina da fartanya? Wannan tukuici ne." Malam ya juya yana girgiza kai.

Shekara ta zagayo, Malam ya dawo. Ya tarar Gizo ya ɗaure dawarsa dami tara, kowanne ya kai bukka girma.

Gizo ya ce, "Ƙirga da kanka. Ba kai ka ce sai goma ba?"

Malam ya ce, "Gizo, ka ji tsoron Allah. Damin nan Giwa ma ba ta iya ɗaga shi."

Gizo ya ce, "Wannan matsalar Giwa ce."

A bazarar nan autan Bushiya ya kwanta don yunwa. Ta je ƙofar Gizo roƙon mudu ɗaya. Daga cikin ɗaki Gizo ya amsa da bakinsa, "Shugaba ba ya nan." Jaki ne ya raba nasa biyu ya ba ta, yaron ya tashi.

Shekara ta uku ruwa ya ɗauke da wuri, gandu bai yi albarka ba. Duk da haka Gizo ya kwashi kashi biyu cikin uku, wai shugabanci a shekarar wahala ya fi tsada. Kuma da ya hango ana rabon zakka a dandali, sai kwaɗayi ya taso masa. Ya ɓoye rawani, ya sa tsumma, ya shafa toka, ya shiga layi bayan Bushiya.

Malam ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Yau kuma da wacce ka zo?"

Gizo ya marairaice, "Talaka ne ni, Malam. Ko ƙwaya ba ni da ita."

"Rumbun da ke bayan ɗakinka fa?"

"Ba nawa ba ne."

"Na matarka ne?"

"Ba namu ba ne."

"Gizo, a gaban jama'a nake tambayarka na uku. Na wane ne?"

"Na rantse ban san mai shi ba."

Malam ya juya ga jama'a, ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Dukiyar da ba ta da mai ita, ta mabukata ce."

Sa ya sa ƙaho ya fasa rumbun, Jaki ya yi ta jido dawa dami-dami. Gizo yana kallo, gumi yana wanke tokar fuskarsa, ba halin magana, don ya riga ya rantse. Aka ba Bushiya dami biyar, ita da 'ya'yanta. Da aka zo kansa, aka miƙa masa ɗaya.

Ya ce, "Malam, a ɗan ƙara, ai ni na san wahalar tara ta."

Malam ya ce, "Matsa, akwai na bayanka."

To kun ji. Wanda Allah ya ɗora a sama ya cika masa rumbu, ya sani akwai haƙƙin na ƙasa a ciki. In ya ƙi fitar da ɗaya da hannunsa, wata rana da ɗayan za a bar shi.

Ƙungurus kan kusu. Shi ma kusun, wato ɓera, ya tsinci rabonsa a gindin rumbu, sai ku tashi haka nan.