Yadda Nomau Ya Sauko da Fushin Zuma

A zamanin da dajin arewacin kogi bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce masa Nomau ɗan Toro, kunnen dawa, mai jin sawun tururuwa. Sauran maharba garaya suke ratayawa, shi kuwa goge, mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki. An sha yi masa dariya a kan haka, kamar yadda har gobe ake yi wa duk mai basira.

Shekarar da fari ya tashi garinsu, shi ya shige gaba yana nema wa jama'a ruwa. Da rana tsaka suka iso wani dutse mai tsaga, ana jin ɗigar ruwa daga ciki. Kafin ya ce a dakata, matarsa Barmani ta sunkuya ta shige da ƙwarya. Ashe rufin tsagar nan duk saƙar zuma ce ta shekara da shekaru. Ta cika ƙwarya da ruwa, tana ɗagowa kanta ya gogi saƙa. Ƙudan suka sauko suka rufe ta tun daga ka har ƙirji, baƙi ƙirin kamar an yafa mata bargo. Ba su harbe ta ba tukuna. Kugi kawai suke yi, kugin kuma yana hawa.

Wan Nomau, Anaruwa, ya ciro ƙyastu zai kunna wuta. Ya ce, "Hayaƙi ne maganinsu."

"Yaya, mai da ƙyastunka," in ji Nomau. "Tsagar nan ba ta da mafita. Kafin hayaƙi ya kore su ya shaƙe ta."

Anaruwa ya ce da gatse, "To yi musu kiɗa mana, tun da abin da ka iya ke nan."

Nomau ya sauke gogensa daga kafaɗa. Ya durƙusa a bakin tsaga ya ce a hankali, "Barmani, kada ki amsa. Ko yawu kada ki haɗiye."

Ya kasa kunne. Ya daɗe da sanin cewa fushin zuma a muryarsu yake: in kugi ya yi sama sun kusa harbi, in ya yi ƙasa sun huce. Ya ɗora bakan gogen a kan tsirkiya, ya yi ta lalube har kukan gogensa ya haɗu da nasu, ba mai iya rarrabewa. Sai ya ɗaga yatsa ya sauke ƙasa tsalle guda, yadda kowane makaɗi ke yi. Nan take tarin ya yi wata irin girgiza. Waɗansu suka fito suka harbe shi a fatar ido, daga ciki kuma ya ji Barmani ta yi nishi.

Gumi ya karyo masa. Ya gane ke nan: kugin zuma ba ya tsalle, malalowa yake kamar ruwa a gangare. Ya sake kamo muryarsu can sama, ya danne tsirkiya, bai ƙara ɗaga yatsa ba. Ya shiga jan yatsan a kanta, sannu, sannu, sautin yana zamewa ƙasa ba tare da ya yanke ba. Kugin ya biyo shi.

Idonsa ya kumbura ya rufe. Izga ta yanki yatsan, jini ya bi tsirkiya. Wani wuri hannunsa ya yi rawa, kugin ya fara komawa sama, sai ya bi shi a hankali ya sake janyo shi, kamar mai lallashin doki marar linzami. Jama'a na tsaye a baya, iyaye mata sun toshe bakin jarirai. An ce har iska ta tsaya a ranar.

Da sautin ya kai ƙasan ƙasa, ƙudan suka fara tashi daga jikinta, suna komawa saƙarsu. Barmani ta fito da baya, ƙwarya cike a hannunta, ko ɗigo bai zube ba. Ta miƙa wa Anaruwa ta ce, "Yaya, fara sha. Kai ka fi kowa wahala."

A nan suka kafa gari, suka sa masa suna Lallaɓa. Har yau ba a tayar da hayaƙi a bakin Tsagar Barmani, kuma kafin a ɗebi zumar shekara sai mai goge ya durƙusa ya yi abin da ake kira jan Nomau, daga sama zuwa ƙasa, yatsa bai bar tsirkiya ba. Samarin yanzu da ke tsalle-tsalle a kan goge kamar fara, ba a barinsu su matso kusa.

Zuriyar Nomau kuwa ana haifarsu da ɗan zane a kan yatsa, daidai inda izga ta yanke shi. Mutanen gari sun iya shan zuma, amma sun manta da gidan da ya kamata a fara kai wa. Mai musu ya zo ya duba yatsanmu, sai dai kada ya zo hannu rabbana.