Yaron Da Ya Ɓace A Cikin Kwamfuta

Akwai wata mata a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja, ana kiranta Maman 'Yan Biyu. Aikinta gwaji ne. Duk abin da abokan aikinta suka rubuta, sai ya bi ta hannunta kafin ya fita.

A lokacin suna haɗa wa wani asibiti shafin intanet na rajistar yaran da ake yi wa rigakafi. Ita ta shirya gwaje-gwajen da ke gudana da kansu: in komai lafiya, allon kwamfuta ya nuna kore; in da matsala, ya nuna ja. Ta kuma ƙirƙiri yara ɗari biyu na ƙarya, da ranar haihuwarsu da lambar wayar iyayensu, don a riƙa gwadawa da su.

Ana gobe za a miƙa aiki, da safe allo ya yi ja. An zuba yara ɗari biyu, manhaja ta nuna ɗari da casa'in da tara.

Babban mai rubuta manhajar, wanda ake wa laƙabi da Gwani, ko waiwayowa bai yi daga kujerarsa ba. Ya ce aikinsa ba ya kuskure, bayananta ne suka hargitse, a kashe gwajin kawai a wuce.

"Hajiya, yaron ƙarya ne fa," in ji shi yana dariya. "Ko cigiyarsa za mu kai gidan rediyo?"

Ofis ya kwashe da dariya. Ita ma ta murmusa.

"Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Manhajar da ta haɗiye yaron ƙarya yau, gobe na gaskiya za ta haɗiye."

Manaja ya ba ta zuwa la'asar. In ba ta gano komai ba, za a kashe gwajin, a miƙa aikin a haka.

Ta gyara zama, ta ture kofin shayinta gefe. Ta raba yaran gida biyu, ta gwada kowane ɗari. Na farko kore, na biyu ja. Ta sake raba mai jan. Haka ta yi ta yi, hamsin, ashirin da biyar, har ya rage yara biyu. Kowanne shi kaɗai, kore. Da ta haɗa su, ja.

Tana duba su sai ta gane. Tagwaye ne. Ita ta saka su tun farko, saboda irinsu take goyo a gida.

Ta ɗauki kwamfutarta ta je teburin Gwani, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada kowa ya ji. Ashe jiya ya ƙara wa manhajar wata doka: duk yara biyun da ranar haihuwarsu da sunan mahaifinsu da lambar wayar uwarsu suka zo ɗaya, a ɗauka rajista aka maimaita, a mayar da su mutum ɗaya.

"Ka ga, in aka yi wa ɗaya allura, manhaja za ta ce an yi wa ɗan'uwansa. Uwa ta koma gida da yaron da ba a yi wa ba."

Gwani ya dubi allon. Sai ya miƙe, ya gaya wa ofis da bakinsa cewa laifin nasa ne. Kafin la'asar ya gyara, yara suka cika ɗari biyu, allo ya koma kore.

Tana haɗa jakarta ya leƙo, yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah kafin ki tafi, ki saka mana 'yan uku a cikin yaran gwajin."

Darasi: Idan gwaji ya nuna maka ja, kada ka toshe masa baki, ka zauna ka saurare shi. Gwaninta ba ta hana kuskure, haƙuri ne ke tono shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana aikin da rayuwar wasu ta rataya a kansa.