Kujerar Ɗan Ƙasa

Ku kife wayoyin nan naku tukuna, ai labarin ma nasu ne. Ku kasa kunne, don in na kai ƙarshe ku zan bar wa shari'a.

A Funtua akwai abokai uku, Zayyanu da Nafi'u da Dayyabu, masu buga wasan yaƙin nan na waya da ake karawa mutum uku-uku. Ni da fari shiririta na ɗauke shi, sai da na ga ana gasarsa ƙasa da ƙasa na kama bakina. Shekara huɗu suna buga wa ƙungiyar Alhaji Mamuda mai shagon waya. Da gasar ƙasa ta ƙarato, Alhaji ya ce 'yan gida ba za su kai shi ko'ina ba. Ya sallame su ko sannu babu, ya ɗauko baƙi uku daga ƙasar waje.

Baƙin gwanaye ne, ban musa ba. Amma a garinsu kana dannawa harbi ke fita. A nan kuwa sai ka danna, sabis ya gama tunaninsa, sannan harsashi ya tashi. Karawa biyu suka yi, aka yi musu kaca-kaca. Saura ɗaya a fitar da ƙungiyar daga gasa, sai ga Alhaji ya aika a kira masa waɗanda ya kora.

Zayyanu da Nafi'u suka rantse ba za su koma ba. Dayyabu ne ya yi kwana uku yana sintiri tsakanin gidajensu. Ya sha baƙar magana, har Nafi'u ya kira shi marar zuciya a bainar jama'a, ya haɗiye. Abin da yake ta maimaita musu shi ne, "Ba don Alhaji ba, sunan garinmu ne a jikin rigar." Ba don shi ba, da babu wanda zai sake riƙe waya. Suka koma, suka yi ta cin nasara har suka kai karawar ƙarshe.

Ranar karawar ƙarshe aka ɗauke wuta, ga rana kamar ta dafa mutum. Wayoyi suka ɗau zafi suka fara sanƙarewa. Nafi'u gyaran waya ne sana'arsa, ya san haka za ta faru, don haka ya zo da tulun ruwan sanyi naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Mutane suka yi ta masa dariya. Duk hutun da aka ba su sai ya manna bayan wayoyin a cikin tulun, su huce, a ci gaba. Ba don shi ba, da tun a zagaye na biyu sun mutu a hannunsu.

Shi kuwa Zayyanu, yatsansa ya haddace jinkirin sabis ɗinmu. Ba ya harbin inda mutum yake, inda zai isa yake harbi. A zagayen ƙarshe an kwantar da abokansa biyu, ya rage shi kaɗai a gaban mutum biyu, ya kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Da haka suka ci gasar, aka ba ƙungiyar gurbin zuwa babbar gasa a ƙasar waje.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Alhaji ya tara su ya ce, "Yarana, can sabis ba ya jinkiri, waya ba ta zafi. Dabarunku na wahala ba su da aiki a can. Baƙi biyu za su dawo. Dokar babbar gasar ta ce lalle a sa ɗan ƙasa ɗaya, to ku zaɓa a tsakaninku, ku kawo mini suna kafin Juma'a."

Wallahi abin ya ƙona mini rai. Wanda ya tafi zai zauna tsakanin mutum biyu da ba sa jin abin da yake faɗa. Biyun da aka bari ba su da na uku, kuma babu wata ƙungiya a garin. Ko wa aka zaɓa, abotar nan ba za ta koma yadda take ba. Jiya na wuce su zaune a benci ɗaya, kowa yana kallon ƙasa, babu mai iya furta sunan wani, babu mai iya furta nasa.

To jama'a, gobe Juma'a. Tsakanin wanda ya tara su, da wanda ya raya wayoyin, da wanda ya yi harbin ƙarshe, sunan wa za a kai wa Alhaji, kuma wane baki za ku gaya wa sauran biyun da shi?